Shekarar da Na Yi wa Sinima Addu'a

Har yau ban taɓa shiga sinima ba. Ban san ko kujerunta na katako ne ko na soso ba. Amma a shekarar korona, duk cikin birnin Kano ba na jin akwai wanda ya kai ni son a buɗe ta, har da masu ita.

Abin ya faro ne daga wankan jego. Haihuwar fari ce, don haka gida aka mai da ni, Zaitawa, wajen Ummana. Namiji na haifa, aka sa masa sunan mahaifin mijina, wanda ya rasu ina da ciki wata huɗu. Sunan ya fi ƙarfin bakina ta hanya biyu ke nan: ga shi ɗan fari, ga shi sunan suruki. A gidan mijina a Mandawari ba a wasa da wannan. Uwar ɗan fari ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In ya yi kuka a gaban manya, sai ta yi kamar ɗan maƙwabta ne ke kuka, har sai an ce mata, "Ke, ɗauki yaron nan mana."

In kuwa uwa ta kasa, akwai abin da ake yi. Da an yaye yaron sai a kai shi riƙo Gwale, wajen gwaggon mijina, wai kada ya lalace. An yi wa matar wan mijina haka. Yaronta yanzu ya isa shiga sakandare, kuma Anti yake ce mata. In ya zo gaishe ta, a bakin ƙofa yake durƙusawa.

Hajiya, uwar mijina, ita ke yanke wannan hukunci. Ranar suna ta ce wa Umma a gabana, "Ba ta da karatu mai yawa, amma tana da kunya." Na riƙe maganar da kyau, don ita kaɗai aka taɓa yabona da ita a gidan. Tuwona dai ba a taɓa cewa komai a kansa ba.

Yayana yana aiki da 'yan fim. Shi ne mai riƙe doguwar sandar nan da ake ɗaukar magana da ita. Saura kwana biyar in yi arba'in ya shigo ya ce suna neman jariri da tsohon tsakar gida, kuma ga su duka a wuri ɗaya. Umma ta ce ba ruwanta, a tambayi uban ɗa. Aka kira maigida a waya. Ya ce, "Jariri dai? Ai duk kamarsu ɗaya. Amma ke kada ki fito." Na ce in fito in yi me.

Washegari da hantsi suka cika gidan, sun fi goma sha biyar, da wayoyin wuta da fitilu, rana tsaka ana kunna fitila. Umma ta ɗauki mayafinta ta tafi maƙwabta. Kafin a fara Yaya ya yi mini bayani: in darakta ya ce akshin, an fara ɗauka, in ya ce kat, an daina. Tsakanin biyun nan ne kawai fim. Na haddace kamar karatun allo.

Matar da za ta fito a uwar jaririn kyakkyawa ce, kuma ta gaishe ni da mutunci. Sai dai faracenta dogaye ne, turarenta kuma har soro ana ji. Ana miƙa mata yaron ya buɗe baki. Akshin, kuka, kat. Akshin, kuka, kat. A na huɗu fuskarsa ta yi jawur, muryar ta fara ɗaukewa. Ina jin kat na fito daga ɗaki, ban nemi izinin kowa ba, na karɓe shi, na zagaya bayan igiyar shanya na zauna a kan turmin da aka kife. A lissafina zannuwan Umma sun kare ni, kuma an ce kat.

Nan na faɗi sunan. Ba sau ɗaya ba. Na ja shi, na gutsura shi, na yi masa waƙa da shi, waƙar da ba ta da kai ba ta da gindi. Na shinshina wuyansa. Na ce masa duk mutanen nan mugaye ne, ni kaɗai ce tasa. Ya yi shiru yana ajiyar zuciya.

Da na ɗago, iska ta ɗage zani ɗaya, idon kyamara yana kallona. Sandar ɗaukar magana kuwa tana saman kaina, kamar za a kaɗo mangwaro. Wanda ya riƙe ta yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Darakta ya ce, "Malama, Allah ya yi miki albarka. Wannan shi ne fim ɗin." Nan take suka gyara labarinsu, aka ce ni maƙwabciya ce, jaririn labari kuma ya ci sunan ɗana.

Bayan sun tafi na tare Yaya a soro.

"Yaya, kai ka ce in an ce kat an daina."

"Haka ne. Amma mai kyamara in ya ga abu mai kyau ba ya jiran kowa."

"Kai fa? Kai ma ba ka jiran kowa?"

"Ke maijego, kwantar da hankalinki. Wannan babban fim ne, ba na kasuwa ba. Sinima za a kai shi da ƙaramar salla. Faɗa mini, wa ke zuwa sinima a gidanku?"

Na yi tunani. Sinimar can take wajen ganuwa, a cikin katafaren kantin nan da ake hawa bene mai tafiya da kansa. Hajiya ba ta wuce Ƙofar Nasarawa sai asibiti ko gaisuwar mutuwa. Maigida daga rumfarsa ta atamfa sai masallaci. Gwaggon Gwale kuwa ta ɗauka har yanzu sinima fili ce ba rufi, inda 'yan daba ke zama. Na ga maganar Yaya ta zauna. Na koma Mandawari da ɗana da garar arba'in, na ci gaba da kunyata. In Hajiya ta karɓe shi tana cewa, "Zo nan maigidana, yau me ka kawo mini na cefane?" ni sai in kalli bango.

Sai korona ta zo, aka rufe gari. Aka rufe kasuwa, aka rufe masallatai, aka rufe makarantu. Ni duk ban ji komai a jikina ba sai ranar da Yaya ya kira ya ce an rufe sinima.

"To fim ɗin fa?"

"Shi ake ta rigima a kai."

Ya ce masu kamfanin su biyu ne, Alhaji babba da wani matashi abokin haɗin gwiwarsa. Alhaji ya ce a jira. Fim ɗin don babban allo aka yi shi, da babbar kyamara, in aka sa shi a waya kamar a ɗinka babbar riga ne a ba yaro ya yi wasan ƙasa da ita. Kuma da ya hau waya, kafin magariba masu turi sun kwafe shi suna zuba wa mutane a shagunansu. Matashin kuma ya ce kowa yana gida zaune da waya a hannu, babu wanda ya san ranar buɗe gari, 'yan wasa da ma'aikata na kiransa kullum. A yanka fim ɗin gunduwa-gunduwa, a mai da shi mai dogon zango, a riƙa saki duk mako.

Na ce, "Alhaji ya fi gaskiya."

Yaya ya ce, "Ke me kika sani a ciki?"

Ban san komai ba, amma daga ranar na zama mutumiyar Alhaji. Ban taɓa ganinsa ba. Duk bayan kwana biyu sai in kira Yaya in tambayi lafiyarsa, don lokacin tsofaffi na ta rasuwa a gari, kuma an ce mini ya manyanta. Azumi ya kama, kowa na roƙon Allah ya yaye annoba a buɗe masallaci, a buɗe kasuwa. Ni ma ina roƙon waɗannan, sannan a ƙarshe in ƙara da sinima, a hankali, yadda ko ni ba na ji sosai. Har na koyi kawo hujja. Na ce wa Yaya ya faɗa musu waya tana ɓata ido, kuma sauti ba ya fita. Ya ce zai faɗa. Na san bai faɗa ba.

Kuskure na biyu, bayan na kan turmi, ni na yi shi da hannuna. Hajiya mace ce mai yawan zuwa unguwa: suna, biki, gaisuwa, islamiyya ranar Asabar da Lahadi. Da aka kulle ta a gida sai ta dawo da duk ƙarfinta kanmu. Ta sa na wanke randunan da ba a zuba musu ruwa tun kafin a haifi mijina. Ta ƙirga mini yawan albasar da nake yankawa. Maigida, da shi ma zaman ya ishe shi, ya ba ta tsohuwar wayarsa mai shafawa, ya ce in koya mata sauraron wa'azi. Na koya mata. Wa'azi ya ƙare, wayar da kanta ta kawo wani fim. Na kai hannu zan kashe, ta ce, "Bari mu ga ƙarshen rashin kunyarsu." Ta ga ƙarshensa, ta nemi wani. Ni kuma na sami sararin zama, har na ji daɗi. Cikin mako biyu ta iya neman fim da kanta, da yatsa ɗaya, tana lasar yatsan kafin ta shafa kamar mai buɗe littafi.

Salla ta wuce ba sinima. Bayan salla Yaya ya kira ya ce an sasanta. Rabin farko za a sa a waya, rabin ƙarshe a ajiye wa sinima. Ta haka matashi ya samu, Alhaji ma ya samu.

"Ni ina wane rabin?"

"Kina tsakiya."

"Yaya, don girman Allah."

"Wallahi tsakiya kike. Haihuwar ce tsakiyar fim. Alhaji ya ce a tsaya kafin ta haihu, mutane su biyo jaririn sinima. Shi kuma ɗayan ya ce a rufe da ke, don a bar mutane da abin magana."

Aka fara saki, duk Juma'a bayan la'asar. Hajiya ce ta gano shi da kanta, ta ƙwala mini kira. "Ke, zo ki ga wannan, sabo ne." Na zo na zauna a bakin gadonta. Ga matar nan mai dogayen farce, an yi mata aure, kashi na biyu ta fara amai. Ashe don fim ɗin ya kai makonni sai da suka zuba duk abin da suka ɗauka, har wanda da za a zubar. In mutum zai tafi kasuwa sai an nuna ya nemi takalminsa, ya sa, ya fita, ya tari adaidaita. Na gane cewa in har suna sa neman takalmi, ba za su bar ni a ƙasa ba.

Haka na zauna mako bakwai ina kallon cikin wata yana girma. Hajiya tana cewa, "Namiji ne, dubi yadda ya yi tsini." Ni na san namiji ne. Yana ƙasa yana jan ciki yana cin gefen tabarmarta.

A mako na biyar na faɗa wa maigida. Na jira ya gama cin abinci, na durƙusa na faɗa masa duka, har waƙar. Ya ture kwanon gefe.

"Ba na ce kada ki fito ba?"

"An ce kat, Malam."

"An ce me?"

Na yi masa bayanin akshin da kat. Ya saurara har ƙarshe, ya ce innalillahi, ya ce in bari ya yi tunani. Tunanin da ya yi shi ne ya ɓoye cajar Hajiya a cikin hularsa. Kafin azahar ta aika an aro ta maƙwabta, kuma matar maƙwabcin ta aiko da saƙo cewa su ma suna bin fim ɗin, duk layin suna bi. Maigida ya mayar da cajar ya ce a bayan gado ya tsinta.

Ranar Laraba ta mako na takwas Yaya ya kira. Bai ko yi sallama da kyau ba ya ce, "Alhaji ya haƙura, da ke za a rufe." Na ce Allah ya ba shi lafiya duk da haka.

Na yi niyyar faɗa wa Hajiya da bakina. Ranar Alhamis sau uku ina zuwa ƙofarta. Na farko na ce ko tana son kunu. Na biyu na ce ko in ɗauko mata wanki. Na uku ta ce, "Ke lafiya kike yau kamar kazar da za ta yi ƙwai?" Na ce lafiya lau.

Juma'a bayan la'asar maigida ya ce zai duba wani abu a soro. Babu komai a soron sai benci. Hajiya ta jingina wayar da filo, ta gyara tabarau. Matar ta haihu, aka nuna hanyar asibiti tun daga farko har ƙarshe. Sai ga tsakar gidanmu na Zaitawa. Hajiya ta ce, "Gidan nan kamar na san shi." Sai ga zannuwan Umma a kan igiya. Sai ga ni.

Alhaji ya yi gaskiya a abu ɗaya, waya tana ƙanƙanta mutum. Amma sautin ya fita tas. Yaya ya iya aikinsa.

Ina jin muryata ta faɗi sunan, yaron da ke ƙasa ya saki tabarma ya waiwayo. Ya kalle ni, ya ga bakina a rufe. Ya kalli wayar. Aka sake faɗa, ya yi dariya ya rarrafa ya kama ƙafar gado yana neman miƙewa, yana amsawa da irin ƙarar da yake yi mini in mu biyu ne a ɗaki.

Hajiya ta dube shi ta saman tabarau.

"Ashe ya san sunansa."

Aka gama waƙar, aka rubuta wani abu a allon, murya ta ce ci gaban sai a sinima in an buɗe.

"Mayar da shi baya," in ji Hajiya.

"Hajiya, don Allah ki yi haƙuri, wallahi ban san..."

"Na ce ki mayar. Daga inda kika zauna a turmi."

Na mayar. Ta kalla. Ta ce in ƙara. A na uku ba ta kalli allon ba, ta kara wayar a kunnenta. Da ya ƙare ta ajiye ta a cinya ta kife.

"Shekara arba'in da ɗoriya ina gidan nan da mai sunan," ta ce. "Ban taɓa faɗarsa ba ko sau ɗaya. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya ma, Malam na yi ta kira." Ta cire tabarau ta goge da bakin zani. "Ke kuma kin zauna a kan turmi kin faɗa wa duniya sau goma sha ɗaya. Na ƙirga. Ba ki da kunya."

"Haka ne, Hajiya."

"Kuma ba a riƙe jariri haka, wuyansa na lilo. Tashi ki ɗora tuwo."

Kwana uku ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da kai. Ranar da aka buɗe gari na 'yan sa'o'i don cefane, mata uku suka shigo da takunkumi a haɓa, wai sun zo duba Hajiya. Ina madafi ina ji. Kafin ta farko ta gama "Hajiya, ko kin ga..." ta ce, "Na riga ku gani. A gabana aka saki." Suka sha ruwa suka tafi.

Da yamma gwaggon Gwale ta kira. Hajiya ba ta iya rage muryar waya ba, don haka duk gidan ya ji. Gwaggo ta ce an tura mata abin, ta kalla, ba ta yi barcin rana ba. Ta ce ɗaki na nan a share, in lokacin yaye ya yi a kawo shi kawai. Ina tsaye da ludayi a hannu, miya na ɗiga a ƙafata, ban ji zafinta ba sai daga baya.

Hajiya ta ce wa gwaggo, "Yaya, yaron da ya riga ya san muryar uwarsa a waya, ko Gwale aka kai shi ai wayar na can. Ni zan yaye abina. A ɗakina."

Gwaggo ta ce ba haka aka saba ba. Hajiya ta ce da ma ba a saba rufe masallaci ba, ga shi an rufe. Suka koma maganar ciwon ƙafa.

Da aka buɗe sinima an kai rabin ƙarshen. Yaya ya ce mutane ba su cika ba, kowa ya ce zai jira ya hau waya, kuma bayan wata biyu ya hau. Hajiya ta kalla ta ce rabin farko ya fi. Alhaji da matashin, in ji Yaya, yanzu tun kafin a fara ɗauka suke zama su raba, wannan na allo ne, wancan na waya. Na ce da sun yi haka tun farko. Na kuma ce masa in ya sake kawo sandarsa gidan Umma ina nan, a murhu zan sa ta.

Aka yaye yaron yana da wata ashirin. Aka kwashe kayansa daga ɗakina zuwa na Hajiya, taku tara ne, na auna. Kwanakin farko ya yi kuka, ni kuma na yi kamar ɗan maƙwabta ne, yadda ya kamata.

Wata rana da hantsi ina shara a ƙofar ɗakinta, labule a sake, tana ba shi koko. Ya ƙi buɗe baki. Ta ce maigidana, ya ƙi. Ta ce angona, ya ƙi. Sai na ji ta faɗi sunan, sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, da ɗan tuntuɓe a tsakiya. Na ji cokali ya taɓa haƙori.

Na ja tsintsiyata na koma can gindin rijiya, inda na riga na share, na sake sharewa.